Gilashin kyamara 50mm yana kuskure ido, yana kama kunne

Salamu alaikum masu ɗaukar hoto. Na sayi gilashin 50mm f/1.8 (lambar f tana nuna faɗin buɗewar gilashi, ƙaramar lamba ta fi buɗewa) na hannu don kyamarata DSLR (mai madubi a ciki, wadda ake sauya wa gilashi), abin ya hana ni sakat. In na leƙa ta 'yar tagar sama na ɗora fokas a kan ido, kunne ne ke fitowa tar, idon kuwa dishi-dishi. In ta allon baya na ɗauka, ido na fitowa daidai. Na goge ƙarafan haɗin gilashin da kyamara, na kafa kyamarar a kan ƙafa uku, na kai saurin shata (ƙyaftawar kyamara) 1/500 na daƙiƙa, ba canji. Sai in na rage buɗewar zuwa f/5.6 matsalar ke ɓuya, alhali don f/1.8 na kashe kuɗina. Kyamarar kuma ba ta da wurin daidaita fokas. Don Allah, mai gyara zai iya saita wannan gilashin?