Gadar tsoka a kan jijiyar zuciya: abin da gwajin kumburi ya nuna mana

Malamin makaranta, Birni:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyata a Yamai, bayan na daɗe ina jin ƙirjina yana ɗaurewa idan na hau tudu da sauri. Likita ya nuna mini cewa wani yanki na jijiyar da ke sauka ta gaban zuciya ya nutse cikin tsoka maimakon ya bi ta samanta, shi ya sa duk bugun da zuciya ta yi sai tsokar ta matse shi, wannan tsokar da ta rufe shi ita ake kira gada, kuma da haka aka haife ni. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ba wurin da ke ƙarƙashin gadar ya fi damunsa ba, domin kitse bai cika daskarewa a can ba. Wurin da yake sa wa ido shi ne yankin da jini ke ratsawa kafin ya iso gadar, inda yake jujjuyawa yana gurza bangon jijiya. A makon jiya gwajin CRP, mai auna kumburi a jini, ya nuna mini 6, kuma hankalina ya tashi ƙwarai.

Uwargida, Zango:
Malam, Allah ya ba ka lafiya. Maigidana ma haka aka same shi. Da damina aka yi masa gwajin nan, ya haura 40, muka kwana ba barci, ashe zazzaɓin cizon sauro ne a jikinsa. Bayan ya warke aka sake aunawa, ya sauko ƙasa da 2.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Garin Malam:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ina ganin irin wannan a duk shekara. CRP ba ya faɗin inda kumburin yake: zazzaɓi, taifot, ciwon haƙori, kai har ƙurji, duk suna ɗaga shi. Wanda ake nufi a maganar zuciya shi ne hs-CRP, mai gano ɗan ƙanƙanen kumburi. Tun 2003 likitocin zuciya na Amurka suka tsara cewa ƙasa da miligiram 1 a lita haɗarin kaɗan ne, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 kuwa babba, kuma idan ya wuce 10 a fara neman wata cuta tukuna. Sau biyu ake aunawa, da tazarar mako biyu, lokacin da mutum yake garau. Malam, ka duba takardarka ka ga wanne aka yi maka, kada kuma ka bar awon kolesterol, wato kitsen jini, da na hawan jini da na sukari, domin da su ake haɗa lissafin.

Tsohon direba, Sabon Gari:
Ni gargaɗi zan yi. Wani abokina, da kyakkyawar niyya, ya ba ni ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya kama, sai ciwon ya ƙaru. Daga baya likita ya bayyana mini cewa irin wannan magani yana iya ƙara matsewar ga mai gada, ya rubuta mini mai rage saurin bugun zuciya, domin jijiyar tana samun jininta ne a lokacin da zuciya ta saki. Sigari kuma na bar ta tun ranar.

Malamin makaranta, Birni:
Na gode, ƴan'uwa. Na duba takardar, CRP na gama-gari ne, kuma akwai turmin haƙori da ke damuna tun kafin Sallah. Zan fara zuwa a duba shi ranar Litinin, sannan in koma ɗakin gwaji.