Bashin Gida na Shekara 30: Gida Biyu Aka Saya ko Ɗaya?

Malam Iliya: Assalamu alaikum. Jiya a wajen ɗaurin aure a Unguwar Rimi wani ya ce duk wanda ya ci bashin gida na shekara 30, gida biyu ya saya ya zauna a ɗaya. Na musa masa, sai da na koma gida na zauna da kalkuleta. A ɗauki naira miliyan 10 a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari a shekara, irin na Asusun Gidaje na Ƙasa. Duk wata kusan 60,000 ke nan. Kafin a gama an zuba miliyan 21 da rabi. Ashe gaskiyarsa ce. Don haka ni dai na ce wanda ke da hali ya kashe bashin da wuri.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, lissafinka ba gyara, hukuncin ne ban yarda da shi ba. Dubu 60 ta yau ita ce ta shekara 20 masu zuwa? Lokacin da muka aza harsashi a Rigachikun buhun siminti bai kai 3,000 ba, a 2024 na saye shi sama da 10,000. A shekarar tsadar kaya ta haura kashi 30, ruwan bashinka kuma yana nan a 6, ko motsi bai yi ba. Mai haya duk shekara sai maigida ya ƙara masa, kai kuwa biyanka ɗaya ne har ƙarshe. Saurin me kake yi?

Sani Kawo: Hajiya, siminti ya ninka kusan sau huɗu, albashi fa? Mafi ƙanƙanta daga 30,000 a 2019 ya koma 70,000 a 2024. Da albashi ake biya, ba da siminti ba.

Hajiya Rabi: To ai ko ninkin nan ma ya sassauta maka bashin, Sani.

Malam Iliya: Ga abin da ya fi ƙona min rai. A watan farko, cikin 60,000 ɗin nan, 50,000 ruwa ne, abin da ke taɓa uwar kuɗin bai cika 10,000 ba. Ka yi shekara 15 kana biya, kana ganin ka kai rabi, ashe har yanzu ana binka sama da miliyan 7. Amma ka ƙara 10,000 kacal duk wata a kan uwar kuɗin, a shekara 21 ka gama. Kusan shekara 9 ka yanke da kuɗin da wasunmu ke ƙonawa a data.

Kawu Garba: Yaran nan, kuna ta 30, 30, kamar kowa ake ba. Tun dokar Asusun Gidaje ta 1992 ake cirar mana kashi 2.5 a albashi, amma ranar da ka je neman bashin, shekarun da suka rage maka kafin ritaya ake dubawa. Galibin ma'aikacin gwamnati kuwa yana cika shekara 60, ko ya yi 35 yana aiki, ya sauka. Ina da 47 na samu nawa, shekara 13 aka yanka min. Kuma ba a yarda biyan wata ya wuce kashi ɗaya bisa uku na abin da kake samu. Da na gama, wata bakwai ina sintiri a bankin da ya shiga tsakanina da Asusun kafin takardar mallaka ta dawo hannuna. Kullum wai mai makullin ma'ajiya ya fita. Takalmi guda na kashe.

Ustaz Bello: Allah ya ƙara lafiya, Kawu. Ni tambayata tana gaba da duk wannan: kashi 6 ko kashi 1, sunansa ruwa. Tun 2012 da bankin Musulunci na Jaiz ya buɗe akwai hanyar ijara, banki ya saya, ka riƙa biyan haya har gidan ya zama naka.

Sani Kawo: Akaramakallahu, ita ma a yi mata lissafin Malam Iliya mu gani, don ba kyauta ba ce.

Ustaz Bello: Ban ce kyauta ba ce. Na ce ciniki ne.

Hajiya Rabi: Malam Iliya, 10,000 ɗin nan taka, in ni ce bulo zan saya na tada shago a jikin katanga.

Malam Iliya: Ranki ya daɗe, idan na faɗi gobe, shagon ne zai hana a bi iyalina miliyan 7?

Kawu Garba: Ka fara duba takardar yarjejeniyarka, don irin bashin nan ana haɗa shi da inshorar rai. Kuma kada ka tura ƙarin nan haka kawai. Ka je da kanka, su rubuta cewa daga uwar kuɗi aka cire, su buga hatimi, ka adana rasit. An kira salla, sai anjima.