Bandeji yana rage kumburi bayan aikin canjin gwiwa?

Ummu_Twins: Salam 'yan uwa. An yi wa mahaifiyata aikin canjin gwiwa, an sallamo mu amma ƙafar har yanzu suntum take tun daga gwiwa har idon sawu, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa. Wata ta ce mu dinga naɗe mata da bandejin nan mai miƙewa, ni kuma tsoro nake kar in fama ɗinkin. Akwai wanda ya taɓa gwadawa?

DanFisiyo: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Yawanci kumburin nan ba abin tashin hankali ba ne, yakan ɗau wata 3 zuwa 6 kafin ya sauka sosai. Bandeji yana ɗan taimakawa amma gaskiya kar a ɗora masa buri, ɗaga ƙafa da motsa ta sun fi shi aiki. In likitanta ya yarda, ki fara naɗin daga kusa da yatsu ki yi sama, kowane zagaye ya hau rabin na baya, kar ki ɗaure gwiwar ita kaɗai don ruwan sai ya taru a ƙasa. Ki bar yatsun a waje kina dubawa, in sun yi sanyi ko sun canza kala ko ta ce ba ta jin su, kwance shi nan take.

Hajjaju: Ni ƙanƙara ta fi min komai wallahi, a naɗe ta a tawul minti 15 zuwa 20. Sannan filo a ƙarƙashin dunduniya ake sawa ba ƙarƙashin gwiwa ba, in ba haka ba sai gwiwar ta saba da lanƙwasa, miƙewa ta zama aiki.

Ummu_Twins: Tab, mu kuwa a ƙarƙashin gwiwar muke sa mata don ta ce ya fi daɗi. Tana da suga kuma, ba matsala?

DanFisiyo: To Malama dakata da bandejin tukuna sai likita ya duba, mai suga wani lokaci jin ƙafarsa ya ragu, zai matse ta ba ta sani ba. Kuma in sha-raɓarta ta ɗau zafi tana ciwo, ko numfashi ya fara yi mata wuya, ko zazzaɓi, ko ɗinkin na fidda ruwa, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, yana iya zama gudan jini ko ƙwayar cuta ta shiga.

Ummu_Twins: Na gode sosai, yanzu zan gyara filon, gobe in kira likitan.