Aikin gada a kan mayo da kogi: ina hatsarin yake?

Uban Gayya, Marwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun da aka buɗe gadar Yagwa da Bongor a kan kogin Logone, tsakanin Kamaru da Chadi, a Afrilun 2025, mai tsawon mita 620, samarinmu da yawa suka sa ran aikin gada, don sun ga an samu abinci a ciki. Yara uku daga unguwarmu za su tafi wani shantiye, wato wurin aikin gini, bayan damina. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana inda hatsarin yake, da yadda ake kauce masa.

Kafintan Kankare, Marwa: Wa alaikumus salam Baba. Abu na farko, su ji tsoron mayo, wato rafin da ke ƙafewa da rani, ko da sun gan shi a bushe ƙayau. Ruwan da ke bi Mayo Kaliao da Mayo Tsanaga daga duwatsun Mandara yake gangarowa, sai a yi ruwa can sama ku nan rana na dukanku. Muna aikin wata ƙaramar gada a watan Yuli, mu shida cikin ramin ginshiƙi, sai wani tsoho mai kiwo ya tsaya a gaɓa yana ta ɗaga mana sanda. Ya ga hadari ya haɗu yamma tun hantsi, ya kuma ga kumfa da karare sun fara zuwa ta tsakiyar yashi. Muka fito muka bar famfon zuƙe ruwa da buhunan siminti. Ba a jima ba jan ruwa ya shafe ramin gaba ɗaya. Daga ranar shef, wato shugaban aikin, ya ajiye mutum da waya a wani ƙauye can sama, aikinsa kawai ya kira idan an yi ruwa, aka kuma sa tsani biyu a kowane rami. Wanda ya ga yadda gadar Palar da ke Marwa ta karye a daminar 2020 ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mai Walda, Garwa: Ni faɗowa daga sama na fi gani. Ana ba mutum bel ɗin tsaro ya ɗaura, amma babu inda zai maƙala ƙugiyar, sai ya yi ta yawo da ita a kafaɗa. A tambayi shef tun da safe: ina zan maƙala? Wurin ya zama sama da kai, kuma ƙarfe mai ƙarfi, kada a maƙala a jikin katakon da ake takawa. Walda kuma ba a yin ta da jiƙaƙƙen takalmi ko waya mai ɓararren bawo.

Direban Kwale-kwale, Kusiri: Malam, bel ɗin nan a kan ruwa bai isa ba. Na yi jigilar ma'aikata a Logone, na ga mutumin da ya iya iyo sosai ya zame daga kan kwale-kwale da takalmin ƙarfe da guduma a ƙugu, da kyar muka cafko shi ta kwalar riga. Kowa ya sa rigar ceto ya ɗaure igiyoyinta, kuma a samu jirgi ɗaya a ƙasan wurin aiki da injinsa a shirye. A watan Satumba da Oktoba kogin ya cika yana gudu. Dorina ma tana nan, idan mutanen gari suka ce kada a bi wani lungu da magariba, a ji maganarsu.

Kafintan Kankare, Marwa: Na manta da rami. Yashin mayo ba ya riƙe kansa. Da zarar zurfi ya kai ƙirji a tokare bango da katako, ƙasar da aka haƙo kuma a zuba ta nesa da baki. Mita kubik ɗaya na jiƙaƙƙen yashi ya haura tan ɗaya da rabi, idan ya danne ƙirji numfashi ba ya fita.

Ma'aikaciyar Asibiti, Njamena: Baba, ku gaya musu ɗanyen siminti yana cin fata. Na wanke ƙafar wani yaro da kankare ya shiga masa cikin bot tun safe, bai cire ba sai la'asar don bai ji zafi da wuri ba. Da muka zare safar, fatar idon sawu ta biyo ta. Idan ya taɓa jiki a wanke nan take da ruwa mai yawa. Sannan zafin Maris zuwa Mayu, da yake wuce digiri 40: wanda ya daina gumi ko ya fara magana ba kan gado, a kai shi inuwa a jiƙa shi, a nemi asibiti. Masu azumi su roƙi a mayar da aiki mai nauyi bayan asuba.

Tsohon Lebura, Gidar: Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma wa ake ba kayan? Masu kwantiragi su ne da hular kwano da bot. Mu 'yan aikin yini da silifa muke shiga, mu ne kuma a ƙarƙashin injin ɗaga kaya. Ka yi magana a ce gobe kada ka dawo. Abokina ya rasa yatsu biyu a igiyar ƙarfe, aka sallame shi da kuɗin magani kawai, saboda sunansa ba ya cikin kowace takarda.

Mai Walda, Garwa: Wallahi Yaya abin da ciwo. Shi ya sa kafin yaran su ɗauki shebur su tambaya ko an yi musu rajista a CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, don ita ke biyan diyyar hatsarin aiki, kuma mai aikin ne doka ta ɗora wa kai rahoto. Su ɗauki hoton takardar da suka sa wa hannu. Idan za su nemi hula da bot, su je su ukun tare, korar mutum uku rana ɗaya ta fi wuya.

Uban Gayya, Marwa: Allah ya saka muku da alheri. Biyu daga cikinsu ba su iya iyo ba, wurin kuma a bakin Binuwai ne. Malam Direba, nawa ake sayar da rigar ceton a Kusiri, kuma ya ake gane mai kyau? Idan ba a ba su ba, mu iyaye mu haɗa kuɗi mu saya.