Me ya sa gwamnatoci ke sa baki a kan abin da malaman tarihin teku ke rubutawa?

Auwalu:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin harkar jami'a. A watan Afrilu na 2025 na ji labarin cewa Kwalejin Sojan Ruwa ta Amurka da ke Annapolis ta kwashe littattafai kusan 400 daga ɗakin karatunta bisa umarnin ma'aikatar tsaro, yawancinsu a kan wariyar launin fata da batun jinsi, kodayake daga baya an mayar da mafi yawansu. Abin ya tsaya mini a rai, domin a da ina ɗaukan duk wani karatu da ya shafi teku a matsayin fannin jiragen ruwa da tashoshi da hanyoyin fatauci, wanda babu ruwansa da rigimar siyasar yau. To me ke jawo hankalin masu mulki zuwa gare shi? Kuma idan gwamnati ce ke biyan malami albashi, shin ba ta da ikon ta ce masa ga abin da zai koyar?

Malam Isiyaku:

Wa'alaikumus salam, Malam Auwalu. Dalili na farko shi ne, tsohuwar taswira da littafin matuƙin jirgi suna iya zama hujjar mallakar ruwa a gaban alƙali. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mai gaɓar teku damar cin arzikin ruwan da ya kai mil 200 daga gaɓarta, wato kifinsa da man da ke ƙarƙashinsa, don haka duk ƙasar da ke son fiye da abin da doka ta yanka mata sai ta koma ga tarihi ta ce kakanninta ne suka fara bin wurin. Haka Sin ta yi a tekun da ke kudancinta, inda take dogara da layin da aka zana a wata taswira ta 1947. Filifin ta kai ƙara, kuma ranar 12 ga Yuli, 2016 kotun sasanci da ta zauna a birnin Hague ta ce masunta da matuƙan Sin sun yi amfani da tsibiran tun da daɗewa, amma na wasu ƙasashe ma sun yi, kuma babu shaidar cewa Sin ta taɓa riƙe ruwan ita kaɗai. Sin ba ta halarci zaman ba, ta kuma yi watsi da hukuncin. Ko shari'ar Bakassi da aka yanke a 2002, yarjejeniyar Birtaniya da Jamus ta 1913 ce ta rinjayar da ita zuwa ga Kamaru.

Yanzu ka dubi matsayin malamin da ke bincike a irin wannan ƙasa. Hukumomin Sin suna gabatar da tafiye-tafiye bakwai da Zheng He ya jagoranta tsakanin 1405 da 1433, waɗanda suka kai har gaɓar gabashin Afirka, a matsayin ziyarar zumunci da ciniki. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rubuce-rubucen daular Ming da kansu sun nuna cewa rundunarsa ta yi yaƙi a Palembang a 1407, ta kuma kama mai mulkin tsibirin Silan, wato Siri Lanka ta yau, ta tafi da shi Sin. Malamin da ya karanta waɗannan takardu dole ya zaɓi ɗaya: ya faɗi abin da ya gani, ko ya faɗi rabin da ake so. Idan ya san aikinsa na iya salwanta, rabin zai faɗa, ɗalibansa kuma su tashi da rabin suna zaton shi ne duka.

Malama Hadiza:

Na yarda da Malam Isiyaku, amma ni a ganina babban abin da ke sa wannan fanni zafi shi ne cinikin bayi, domin 'yan kasuwar teku mutane ne masu rubuta komai. Saboda inshora da haraji da rabon riba, sun bar sunan jirgi da na mai shi da adadin mutanen da aka loda da waɗanda suka mutu a hanya. Daga irin waɗannan takardu ne masana suka tattara bayanan tafiye-tafiye kimanin 36,000, suka ƙiyasta cewa an ɗora 'yan Afirka wajen miliyan 12.5 a jiragen da suka tsallaka Atilantika, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Labarin jirgin Zong ma ta hanyar rigimar inshora ya fito. A 1781 ma'aikatansa suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin da ke Liverpool suka nemi a biya su diyyar kayan da suka yi asara, kuma da aka je kotu a Landan a 1783 maganar kuɗi aka yi, ba a tuhumi kowa da kisan kai ba. Duk lokacin da na tuna wannan shari'a sai jikina ya yi sanyi. Irin wannan shaida ba ta barin wurin musu, kuma tana kaiwa ga sunayen kamfanoni da iyalai da har yanzu suna nan, shi ya sa kasuwar inshora ta Lloyd's ta nemi afuwa a 2020, shi ya sa kuma masu gudun maganar diyya ba sa son a zurfafa.

Sai dai ina so mu yi wa kanmu adalci, domin matsin ba daga ɓangare ɗaya yake zuwa ba. A Faransa, dokar 23 ga Fabrairu, 2005 ta umarci makarantu su koyar da abin da ta kira alherin zaman Faransa a ƙasashen da ta mallaka. Malaman tarihi suka yi ca, aka cire wannan sashe a 2006. A cikin shekarar 2005 ɗin kuma wata ƙungiyar 'yan asalin tsibiran da Faransa ke riƙe da su ta maka Olivier Pétré-Grenouilleau a kotu, masanin da ya yi bincike a kan attajiran jiragen ruwa na Nantes, saboda ya ce cinikin bayi ba kisan ƙare dangi ba ne tunda manufarsa cin gumin mutane ce, ba shafe su ba. Manyan malamai 19 suka sa hannu a takardar neman a sakar wa tarihi mara, aka janye ƙarar a Fabrairun 2006. Ni kalamansa ba su yi mini daɗi ba, amma da an hukunta shi, da an buɗe ƙofar da gobe za a bi a hukunta wanda ya rubuta labarin Zong.

Garba:

Malama, a yi mini afuwa, ban gamsu duka ba. Kuɗin jama'a ne ke riƙe da jami'a, kuma jama'a sun zaɓi wakilansu. Idan malami ya fake da 'yanci yana rage girman zaluncin da aka yi wa miliyoyin mutane, wa zai taka masa birki? Ina jin tsoron kada 'yancin ya zama rigar da kowane mai son zuciya zai saka.

Malam Isiyaku:

Tsoronka yana kan hanya, Malam Garba, kuma ya haɗu da tambayar Malam Auwalu ta biyu. Shawarar da UNESCO ta amince da ita a 1997 kan matsayin malaman manyan makarantu ta haɗa 'yancin koyarwa da bincike da wallafawa tare da nauyin riƙon gaskiya da bin ƙa'idar hujja. Wanda ya ƙirƙiri adadi ko ya ɓoye takarda ya karya wannan ƙa'ida, kuma takwarorinsa da suka iya karanta littafin jirgin ne za su kama shi, jami'arsa ta hukunta shi. Gwamnati tana da ikon ta yanke nawa za ta kashe, ta kuma binciki yadda aka kashe shi. Abin da nake ƙi shi ne minista ya yanke abin da binciken zai gano, domin shi yana da ruwan da yake nema a kotu ko diyyar da yake gudu, kuma wanda zai gaje shi yana iya zuwa da akasin buƙatarsa.

Auwalu:

Na gode muku ƙwarai. Malama Hadiza, wani abu ya rage mini: a shari'ar Zong, shin an biya masu jirgin kuɗin da suka nema?

Malama Hadiza:

Da farko masu taya alƙali yanke hukunci sun ba su gaskiya, Malam Auwalu. Masu inshora suka ɗaukaka ƙara, sai ta bayyana cewa an yi ruwan sama kafin a jefa rukunin ƙarshe na mutanen, alhali hujjar ma'aikatan jirgin ita ce ƙarancin ruwan sha, don haka alƙali Mansfield ya ba da umarnin a sake shari'ar. Olaudah Equiano, wanda shi kansa ya taɓa zama bawa, shi ne ya kai labarin ga Granville Sharp a watan Maris na 1783, Sharp kuma ya yi ta rubuta wa hukumar sojan ruwa yana neman a tuhumi ma'aikatan da kisa, ba a kula shi ba.