In goge Windows a ROG Ally in sa Bazzite ko SteamOS, ko in bar ta yadda take?

Abba_Gwammaja:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana ina neman shawara. Yayana ne ya bar min ROG Ally ɗinsa, ƙaramar kwamfutar wasannin nan ta ASUS da ake riƙewa a hannu, irin ta farkon nan da ta fito a 2023, mai Z1 Extreme, ram giga 16, ma'ajiya 512, ta hannu ce amma lafiyarta ƙalau, Windows 11 ne a kai. To ni dai abin da nake so shi ne in danna maɓalli kawai in ga wasannina a jere kamar yadda nake gani a Steam Deck ɗin wani abokina, in an kira sallah in danna ta kwanta, in na dawo in ɗora daga inda na tsaya, ba sai ina ta dangwale-dangwalen ƙananan rubutu a sikirin mai inci 7 ba. Na ga mutane a YouTube suna sa mata Bazzite, wasu kuma suna cewa SteamOS ɗin ma yanzu yana hawa kanta kai tsaye. Wanne ya fi? Kuma in na goge Windows ɗin zan iya dawo da shi ko ya tafi kenan? Sannan da gaske ne batir yana ƙara daɗewa? Wasannin da nake yi, FC, wato wasan ƙwallon nan na EA, shi ne kan gaba, shi kam kullum, sai GTA V, sai God of War, sai tsofaffin na PS2 da nake so in riƙa tunawa da baya. Na gode.

Muazzam_Penguin:

Wa alaikumus salam. Abba ai ka riga ka ba wa kanka amsa ba ka sani ba, tunda ka ce FC kullum to kar ka kuskura ka goge Windows, maganar ta ƙare a nan, sauran duk bayani ne.

Bari in faɗa maka dalili don kar ka ɗauka son rai ne, don ni kaina ɗan Linux ne na ƙin ƙarawa. SteamOS da Bazzite duka Linux ne. SteamOS 3 a kan Arch aka gina shi, shi ne ya zo da Steam Deck a Fabrairun 2022, Bazzite kuma a kan Fedora yake, 'yan sa kai na Universal Blue ne ke yin sa, amma sun ɗauko wannan fuskar ta Steam Deck ɗin da kake sha'awa sun ɗora, in ka kunna ba lallai ka bambance su ba. Wasannin kuwa kusan duk na Windows ne, abin da ke sa su tashi a Linux shi ne Proton, wanda Valve, masu Steam, ta fitar a 2018 a kan tsohon aikin Wine, yana tsaye a tsakiya yana juya buƙatun wasan zuwa abin da Linux zai gane. Kuma wallahi yana aiki, God of War ɗinka zai tashi sumul ba sai ka taɓa komai ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne manhajar kama masu maguɗi. Wasu kamfanonin suna sa tata ta shiga can cikin ƙwaryar Windows ɗin, to wannan Proton ba shi da yadda zai yi da ita. EA sun fara sa tasu a kwamfuta tun FIFA 23, daga nan duk FC ɗin da ya biyo baya ba ya buɗewa a Linux, ba wai onlayin kawai ba, ko kai da kwamfuta za ka buga ba zai tashi ba. Haka Valorant, haka Fortnite, haka sababbin Call of Duty, Apex Legends ma da yana yi suka rufe a ƙarshen Oktoban 2024. GTA V ɗinka kuma rabi da rabi ne, labarin yana yi, amma GTA Online tun da suka sa BattlEye a Satumban 2024 ya daina. In kana da Game Pass na kwamfuta, wato tsarin wasannin Microsoft da ake biya wata-wata, shi ma ka manta da shi a Linux. Kafin ka yanke komai ka shiga shafin ProtonDB ka rubuta sunan kowane wasa naka ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da mutane suka ce.

Shawarata ka raba gida biyu, Windows na FC, Bazzite na sauran. Kuma Bazzite na ce ba SteamOS ba. Eh gaskiya ne tun SteamOS 3.7 da ya fito a Mayun 2025, lokacin da ya hau Legion Go S ta Lenovo a hukumance, ana iya sa shi a Ally, amma fayil ɗin da Valve ke bayarwa na farfaɗo da na'ura ne, in ka danna masa SSD ɗin gaba ɗaya yake sharewa, ba ya tambayar ka ina zan zauna. Na biyu, wanda mutane da yawa ba sa lura da shi, SteamOS sai ka kashe Secure Boot, wato tsaron da ke tantance tsarin da zai tashi in an kunna na'ura, FC kuma a Windows 11 in ya ga Secure Boot a kashe ƙin buɗewa yake, ka ga kenan duk lokacin da za ka sauya sai ka shiga BIOS, wato saitin na'urar na kafin Windows ya tashi, ka kunna ko ka kashe, wa zai iya wannan wahalar. Bazzite yana zama da Secure Boot a kunne.

Injiniya_Tudunwada:

Muazzam ya gama magana, ni dai in ƙara da yadda ake yi don na yi wa tawa kuma na yi wa wasu.

Abu na farko da zai ba ka ciwon kai ba manhaja ba ne, rami ne. Ally ta farko ramin USB-C ɗaya tak gare ta, kai kuma kana buƙatar filashi da kibod da caja duk a lokaci guda, don haka ka nemi hob, wato abin da ke raba rami ɗaya zuwa da yawa, mai wurin caji a jiki, in a Kano kake ka leƙa Farm Centre ba za ka rasa ba, ka dai tabbata mai wuce da wuta ne, ka tafi da cajarka mai wat 65 ka gwada a gabansu. Filashi mai giga 16 ya isa. Kuma ka cika batir taf kafin ka fara, kar ka dogara da cewa akwai wuta yanzu.

Kana cikin Windows tukuna ka yi abu huɗu. Ka yi afdet ɗin BIOS da duk wani abu da Armoury Crate da MyASUS suka kawo, don ta Windows suke zuwa. Ka duba Device Encryption, wato BitLocker, yawanci a kunne yake zuwa mutum bai sani ba, ka kashe ka jira ya gama, kuma duk da haka ka shiga akawun ɗin Microsoft da aka buɗe na'urar da shi ka kwafi lambar nan mai alƙaluma 48 ka rubuta a takarda. Nan ka kula Abba, tunda ka ce ta yayanka ce, ƙila da akawun ɗinsa aka buɗe, to lambar tana wurinsa ba wurinka ba, ka karɓa tun yanzu. Na ga wanda ya taɓa BIOS kawai ya dawo ya tarar da shuɗin sikirin yana neman lambar, wanda ya sayar masa kuma ba ya ɗaga waya, ƙarshe sai share komai aka yi. Sai ka kashe Fast Startup. Sannan ka buɗe Disk Management ka matse C ka bar fili babu komai a ciki, kar ka yi masa fomat, ka bar shi haka baƙi.

Rabon ya rage naka, amma EA giga 100 suke cewa a tanadar wa FC, ga Windows kansa, ni da zan bar wa Windows kamar 200 in ba wa Bazzite sauran. Matsi ne gaskiya, in kuɗi ya samu ka sayi SSD mai tera 1, amma ka ce musu 2230, gajeren, don dogon 2280 na laftof ba ya shiga sai da dabara, Ally X ta 2024 ce ke ɗaukar dogon.

A shafin Bazzite za ka zaɓi na'urarka su ba ka fayil ɗin da ya dace, babba ne, ka sauke da daddare ko inda akwai wayfai. Ka ƙona a filashi da Rufus ko Fedora Media Writer. Ka kashe Ally, ka kunna kana riƙe da maɓallin rage murya, zai kai ka BIOS, ka zaɓi filashin. Wurin zaɓen inda za a sa shi ne kaɗai wurin da ake kuka, ka natsu, ka nuna masa filin nan da ka bari, in ka ga wani abu mai kama da share komai ka ja da baya ka sake karantawa. Bayan ya gama ya sake tashi za ka ga wani shuɗin allo mai tsohon rubutu, kar ka tsorata kuma kar ka bari ya wuce, ka zaɓi Enroll MOK, ya tambaye ka kalmar sirri ka rubuta universalblue, ba za ka ga komai yana fitowa ba lokacin da kake rubutawa, haka yake, ka gama ka danna Enter. Wannan ne ke sa ya zauna lafiya da Secure Boot. Nan ne ma kibod ɗin ya zama dole.

Tambayarka ta dawo da Windows, eh ana iya, akwai ASUS Cloud Recovery a cikin BIOS ɗin, yana sauke komai ya mayar da ita kamar daga kwali, sai dai ta intanet yake saukewa kuma ba ƙaramar data ba ce.

Sadiq_Kawo:

Ni fa ban yarda da ku ba wallahi. Yaro ya ce FC yake bugawa kullum, to kullum yana Windows kenan, me ya rage? Ku sa shi ya yanka 512 gida biyu saboda God of War da zai gama a sati biyu. Steam ɗin nan na Windows yana da Big Picture, ka saita ya buɗe da shi tana tashi, ga fuskar da kake so nan. PCSX2 na wasannin PS2 yana Windows, PPSSPP yana nan, EmuDeck ma akwai na Windows.

Kuma ku faɗa masa gaskiya kan batir. Batirin Ally ta farko 40Wh ne, rabin na Ally X, in ka sa ta a Turbo wat 25 awa ɗaya da 'yan mintuna ne ko da wane tsari ka sa mata, ba a canza wa tuwo suna. Sannan mu nan yawancinmu ba a Steam muke sayen komai ba, a hadis (hard disk) ake turo mana, a Linux sai ka bi ta manhajar Lutris mai tayar da wasannin da ba na Steam ba kana saite-saite, kuma ranar da ta ƙi tashi ka kai wa mai gyara ya ga ba Windows ba ne, abin da zai fara yi shi ne fomat. Ran da za ka sayar ma mai saye Windows zai ce yana so.

Muazzam_Penguin:

Sadiq maganar batir a Turbo gaskiyarka ce, babu tsarin da zai ƙara wa batir girma. Bambancin a ƙasa yake, wat 10 zuwa 15, inda babu tarkacen da ke gudu a baya suna cin rabonsu, masu gwaji da suka haɗa Legion Go S mai Windows da mai SteamOS, na'ura iri ɗaya, da yawansu sun samu ta SteamOS ta fi a wasanni da dama. Wasannin PS2 kuwa ba sa buƙatar Turbo. Amma ba ma wannan ne ya kawo shi ba, ka sake karanta tambayarsa, kwanciya da tashi yake nema, Big Picture fuska ce kawai, a ƙarƙashi Windows ne da irin barcinsa. A Bazzite ka danna maɓalli a tsakiyar faɗa, ka je ka yi la'asar ka dawo ka danna, Kratos na God of War yana nan da gatarinsa a sama. Wanda bai ɗanɗana wannan ba ba zai gane ba. Kuma in afdet ya zo da matsala tsohon yana ajiye, a wurin tashi ka zaɓe shi ka koma, ba sai an je wurin mai gyara ba.

Maganar hadis kuma da ka kawo ta tuna min, Abba kar ka ce za ka haɗa wa Windows da Bazzite ma'ajiyar wasanni ɗaya, NTFS, wato tsarin ma'ajiyar Windows, da Proton ba sa shiri, wasa sai ya ƙi buɗewa ba tare da ya ce maka komai ba. Kowa da nasa. Wasannin shagunan Epic da GOG kuma akwai manhajar Heroic.

Rabi_Maradi:

Sannunku. Ni Steam Deck ke gare ni amma abu biyu za su same ka kai ma. Na ɗaya data, Steam a Linux yana yawan sauke wasu fayiloli na shirya hoton wasa tun kafin ka buɗe, kusan kullum ka ga wasanni sun jeru suna afdet alhali ba afdet ɗin wasan ba ne, in da hotspot na waya kake to ka koma Desktop Mode, ka buɗe Steam, Settings, Downloads, can ƙasa ka kashe Shader Pre-Caching. Wasa zai ɗan yi tsaitsaye a farko sai ya daidaita. Na biyu agogo, duk sanda ka fito daga Linux ka shiga Windows za ka ga ya koma baya da awa ɗaya, don Linux da agogon UTC yake ajiye lokaci mu kuma a Nijar da ku a Najeriya duka muna gaba da shi da awa guda, ba lalacewa ba ce, ka danna Sync now a saitin lokaci, in ba haka ba wasu wasannin onlayin sai su ƙi haɗuwa.

Abba_Gwammaja:

Kai, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, Malam Muazzam, Injiniya, Anti Rabi, har da kai Sadiq duk da ka so ka kashe min gwiwa lol. Na duba yanzu, Device Encryption ɗin a kunne yake kuwa, kuma imel ɗin yayana ne a kai, na tura masa saƙo ya turo min lambar. Zan raba biyun in sha Allah, in na ga Bazzite ɗin ba na shiga sai in share in mayar wa Windows filinsa. Injiniya tambaya ɗaya ta rage, in na gama, tana kunnawa wanne za ta fara shiga, kuma dole sai na ɗaura kibod duk lokacin da zan koma Windows?

Injiniya_Tudunwada:

A'a ba sai da kibod ba. Wanda ka sa a sama a jerin BIOS shi za ta fara shiga, ka sa Bazzite. In FC kake so ka riƙe maɓallin rage murya lokacin kunnawa, ka taɓa Boot Menu da yatsa ka zaɓi Windows Boot Manager. Wani lokacin babban afdet na Windows yana mayar da kansa sama, in ka ga ta shiga Windows kai tsaye kar ka ɗauka Bazzite ya goge, koma BIOS ka ja shi sama kawai. In ka samo hob ɗin ka turo hotonsa nan kafin ka fara in gani.