Muhawara: Shin tauraron mabiya Wika alamar Shaiɗan ce?

Alhaji: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ɗana da ke karatu a Ingila ya turo mini hoton wata sarƙar wuya mai tauraro mai tsini biyar a cikin da'ira, ya ce mabiya addinin Wika ne suke sa ta. Na ce masa wannan alamar masu bautar Shaiɗan ce, shi kuwa ya musa. Ina nan a kan bakana, domin na sha ganin irin tauraron nan tare da kan bunsuru.

Malamin tarihi: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka gani tare da kan bunsuru gaskiya ne, amma na wasu mutane ne daban. Tambarin ƙungiyar da Anton LaVey ya kafa a San Faransisko ta Amurka a 1966 ne, wadda ta kira kanta Cocin Shaiɗan, kuma tauraronsu a kife yake, tsini biyu suna kallon sama. Wika kuwa ta girme ta. Wani Bature mai suna Gerald Gardner ne ya fito da ita fili a 1954, bayan Ingila ta soke dokar hana maita a 1951. Mabiyanta allahiya suke bauta wa tare da wani abin bauta mai ƙaho, kuma babu Shaiɗan a cikin aƙidarsu ko kaɗan. A wurinsu tsini huɗu na tauraron suna nufin ƙasa da iska da wuta da ruwa, na biyar da ke sama kuma ruhi.

Hajiya: Malam, ka yi mini uzuri, amma bambancin da ka kawo na tsaye da na kife bai gamsar da ni ba, domin na karanta cewa su ma mabiya Wika suna amfani da kifaffen.

Malamin tarihi: Kin faɗi daidai, Hajiya. A tsarin da Gardner ya bari akwai matakan shiga uku, kuma kifaffen tauraro alamar wanda ya kai mataki na biyu ce. Ra'ayin cewa kifaffe na mugunta ne ya yaɗu ne daga rubuce-rubucen wani Bafaranshe, Eliphas Levi, a ƙarni na 19. Tun kafin nan almajiran Fisagoras, masanin lissafi na tsohuwar Girka, sun riƙi tauraron a matsayin tambarinsu, Kiristocin Turai na zamanin da kuma sun fassara shi da raunuka biyar da suka yi imani an yi wa Almasihu. Ko a yau koren tauraro irin wannan ne a tsakiyar tutar Maroko tun 1915, kuma ba wanda zai ce Maroko Shaiɗan take bauta wa.

Alhaji: Batun Maroko ya sa na yi shiru na ɗan lokaci, Malam. To wuƙar fa? Mutumin da ya ɗora wuƙa a kan teburin ibadarsa, ai yanka yake nufi.

Ɗaliba: Baba, a nan ma akwai gyara. Wuƙar da suke kira atame, mai baƙar ƙota da kaifi biyu, a mafi yawan ɗariƙunsu ba a yanka komai da ita. Da ita suke zana da'irar da suke ibada a cikinta, ta hanyar nuna ta a iska. Idan ana bukatar yanka ganye ko igiya, wata wuƙa ce mai farar ƙota ake ɗauka. A cikin sauran kayan ibadarsu, ƙoƙon sha yana wakiltar ruwa da allahiyar, faifan da aka zana tauraro a kansa yana wakiltar ƙasa, kuma su kansu sun saɓa a kan ko wuƙar ce ke wakiltar wuta, sandar ibadarsu kuma iska, ko akasin haka. Wannan saɓanin nasu ne ya sa nake shakkar iƙirarin wasunsu cewa ma'anonin nan gadon dubban shekaru ne. Farfesa Ronald Hutton na Jami'ar Biristol ya nuna cewa an harhaɗa yawancinsu ne daga littattafan tsafi na Turai da al'adun ƙungiyoyin asiri na ƙarni na 19.

Hajiya: Duk na ji, 'yata. Amma ni a wurina wanda ya bauta wa wanin Allah ya bi hanyar Shaiɗan, ko ya ambaci sunansa ko bai ambata ba, saboda haka ban ga inda Alhaji ya yi kuskure ba.

Malamin tarihi: Hukuncin shirka ba na jayayya da shi, Hajiya, domin ni ma da shi na yi imani. Sai dai tambayar da Alhaji ya kawo ita ce abin da alamar take nufi a wurin masu ita, kuma addininmu ya hana mu jingina wa mutum maganar da bai faɗa ba, ko da muna ƙin abin da yake yi.

Alhaji: Batun wuƙa na janye shi, kuma zan gaya wa yaron cewa tambarin bunsuru ba nasu ba ne. Abin bautarsu mai ƙaho kuwa har yanzu zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ina so gobe Malam ya bayyana mana asalinsa.